Tukunya Mai Jan Fenti

Har yanzu idan aka ƙwanƙwasa ƙofar gidanmu a unguwar Ruwais sai in zabura. Inna takan ce in daina zabura, mai ruwa ne ko mai kananzir. Na san haka. Jikina ne bai yarda ba.

A Jidda aka haife ni, a Jidda aka haifi Baba. Kakana ne ya zo aikin hajji a ƙafa bai koma ba. Duk da haka kowace shekara sai an sabunta mana iƙama, takardar izinin zama, kuma ba ta sabuntuwa sai kafilinmu, mai tsaya mana a wurin hukuma, ya sa hannu. Kafilin wani dattijo ne mai shagunan yadi a Bab Makka, Baba yana yi masa ɗinki tun yana saurayi. Shekarar da na gama sakandare, ɗan dattijon ya samu tafiya Amurka ƙaro karatu, shi da matarsa da jaririnsu, aka ce ana neman yarinya mai ɗan Turanci ta bi su. Ba a tambaye mu ba, sanar da mu aka yi. Ni kuwa murna nake, ƙarya ne in ce ban yi ba. Ranar tafiya Baba ya ja ni gefe a soro ya ce:

"Takardunmu a hannun mutanen nan suke. Abin da aka sa ki, ki yi. Abin da kika gani, ba ki gani ba."

Garin da muka sauka jami'a ce kawai da bishiyoyi da sanyi. Aka ba mu ɗakuna a rukunin ɗalibai masu iyali. Matar gidan ina ce mata Sitti, mijin kuma Ammi, yadda muke kiran iyayen gida a Jidda. Ba su wulaƙanta ni ba a farko. Sitti ba ta girme ni da yawa ba, kuma kaɗaici ya sa ta riƙa hira da ni kamar ƙanwarta, in dai ba baƙi.

Matsalarmu nama. Na kanti ba a san wanda ya yanka ba, an kuma jera shi kusa da na alade. Muka yi ta cin ƙwai da kifin gwangwani har Sitti ta ce ita idan ta sake ganin gwangwani za ta yi kuka. Sai Ammi ya dawo wata rana ya ce akwai mafita. A ƙarshen jami'ar akwai gidan ɗalibai Yahudawa, ana kawo musu nama daga babban birni duk Alhamis. Da wuƙa suke yanka, suna ambaton Allah, suna tsiyaye jini, alade ba ya shiga wurinsu. Ya ce yankan Ahlul Kitabi ne, malamai sun halatta. Kowa ya san da wannan a cikin ɗaliban ƙasarmu. Abin da ba wanda yake so shi ne a gan shi yana shiga. Yaƙin Larabawa da Yahudawa bai daɗe da lafawa ba, kuma a cikin ɗaliban akwai waɗanda ake cewa duk abin da suka gani yana isa gida kafin mai shi ya isa.

Saboda haka ni aka aika. Baƙar yarinya da kwando, wa zai dube ta.

Na tafi a tsorace, don abin da aka faɗa mana a kansu tun muna yara ba kaɗan ba ne. Tsohon gidan katako ne, na zaga ta ƙofar baya kamar yadda aka ce. Wadda ta buɗe wata tsohuwa ce gajera, hannunta duk gari. Na fara haɗa Turancina na makaranta, ta dube ni, ta dubi mayafina, sai ta ce da Larabcin Masar:

"Shigo, ya binti, shigo 'yata, ki rufe ƙofar nan kafin sanyi ya kashe mu mu biyu."

Na shiga na rufe ƙofar. Ta ce a Iskandariyya aka haife ta, a can ta yi aure, a can ta binne uwarta, sannan wata rana aka ce su fita. Ita ce mai dafa abincin gidan. Ta yi mini dariyar Larabcinmu na Hijaz, ta ce muna magana kamar masu jin barci. Na ce su kuma Misrawa kamar masu rigima a kasuwa. Ta ce ai rigimar ce ta raya su.

Daga nan Alhamis ta zama ranata. Nakan je da wuri, in daɗe, in ce wa Sitti motar nama ce ta makara. A kan wata kujera kusa da murhu nake zama ina kallon yadda suke tafiyar da gidan. Ma'aikata na gaske biyu ne kacal, tsohuwar da malaminsu, wani siriri mai gemu wanda ban taɓa ganin ya zauna ba. Shi ne liman, shi ne mai gyaran famfo, shi ne mai zuwa asibiti idan ɗalibi ya kwanta, shi ne mai lallashin wanda ya faɗi jarrabawa. Sauran aikin duk ɗalibai ne. Suna da shugabanni da suka zaɓa a tsakaninsu: mai tarbar sababbin zuwa, mai jera kujeru, mai sayo kyandir, mai bin ɗakuna yana tuna wa mutane cewa gobe Juma'a akwai cin abinci. Daga faɗuwar ranar Juma'a ba sa kunna wuta ba sa aiki sai ta sake faɗuwa ranar Asabar, don haka komai sai an gama shi kafin lokacin. Gardama kuwa ba sa gajiya da ita. Wa ya bar kwanuka ba wanki, wa ya gayyato mutum goma bai faɗa ba. Sai in tuna matan unguwarmu ana saura kwana ɗaya Mauludi. Tsohuwar takan ce da ni da Larabci, don kada su ji, kowannensu shugaba ne amma ba mai yanka albasa.

Babban shugabansu wani dogon saurayi ne mai jan gashi, da 'yar hula kamar marfin tulu a tsakar ka. Lauya yake karanta. Kullum a guje yake, kullum da wani sabon shiri. Shi yake ɗauko kwalayen naman daga mota ya ware nawa. Yana da kirki, wannan ba zan hana shi ba, ko da yake na daɗe ina neman hanyar da zan hana shi. Ya sha tambayata me ya sa Musulmin jami'ar ba sa shigowa ta ƙofar gaba su sha shayi. Ya san naman ba na gida ɗaya ba ne. Lokacin kwandona ya yi nauyi, domin matan abokan Ammi sun fara ba Sitti saƙo a ɓoye, kowace tana cewa kada mijin wance ya ji. Ni nake rabawa gida gida a cikin jakar kayan jariri.

Da sanyi ya tsananta na kamu da mura mai zafi, amma na je. Tsohuwar ta ji tarina ta ce ba zan fita haka ba. Ta zuba mini romon kaza a wata 'yar tukunyar ƙasa mai marfi, baƙa don tsufa, ta naɗe ta da tawul ta ce in kai gida in sha da zafinsa. Ta ce tukunyar ta uwarta ce, a cikin kayan sawa ta ɓoye ta ranar da suka bar Iskandariyya, ita kaɗai ta iso ba ta fashe ba. A gindinta akwai ɗigon jan fenti. Na lura duk tukwanen ɓangare ɗaya na kicin ɗin suna da jan fenti, na ɗaya ɓangaren shuɗi. Ban tambaya ba, don na ɗauka na sani. A Ruwais kowace mace tana ɗiga wa tukwanenta fenti saboda ranar biki, kada a haɗa a rasa na wane ne. Na ce ja na tsohuwa ne, shuɗi na gidan.

Mu kuma a wurinmu ba a mayar da kwano wayam. Inna ko gishiri maƙwabciya ta aiko a kwano sai ta sa dabino ta mayar. Na warke, Alhamis ta zagayo, na ce me zan sa wa matar nan da ta san daɗin abinci. Na tuna saliƙ, abincin da Inna take yi wa wanda take ji da shi: shinkafa a dafa ta cikin romon kaza har ta narke, a zuba madara, a sa man shanu, a ɗora kazar a kai. Kazar ma tasu ce, ban yi shakkar komai ba. A cikin tukunyar tata na dafa, a kan ƙaramar wuta, ina juyawa kada ta kama. Na ɗora ta a kan farantin tagulla na Sitti, wanda ta zo da shi daga Jidda, na rufe da tawul na ɗauka.

Na ajiye a kan teburinta ina jin kaina. Ta buɗe marfin, tururi ya tashi, ta shaƙa. Na ga fuskarta ta yi murmushi tukuna, don ta gane girkin kirki. Sannan ta tambaye ni a hankali ko madara ce wannan. Na ce madara ce, da man shanu, ban yi rowa ba. Ta ja kujera ta zauna.

A nan na ji abin da ba wanda ya taɓa faɗa mini. A addininsu nama da madara ba sa haɗuwa, ko a ciki, ko a cokali, ko a tukunya. Ja na nama ne, shuɗi na madara. Tukunyar ƙarfe idan ta gauraya akwai yadda ake tsarkake ta da tafasasshen ruwa. Ta ƙasa kuwa tana shan abin da aka dafa a cikinta, ba ta sakinsa. Shi ke nan, ta tashi daga aiki har abada.

Na fara kuka. Ta ce in yi shiru, laifinta ne da ba ta faɗa ba, za ta kai ta gida ta shuka na'ana'a a ciki, ba mai sani. Tana cikin naɗe ta da tawul sai ga dogon nan ya shigo da kwali a kafaɗa. Ya ga hawayena, ya ga tukunyar a kan teburin nama, ya kira malaminsu. Malamin ya zo ya duba, ya tambayi ko wani cokali ya shiga, aka ce a'a. Ya ce to a fitar da tukunyar, a goge teburin, shi ke nan. Ya juyo ya ce da ni abin da aka yi don alheri ba a yi masa kuka. Ya koma gyaran abin ɗumama ɗaki.

Da a nan maganar ta tsaya, da yanzu labarin dariya nake bayarwa.

Shi shugaban ɗaliban ya tambayi tsohuwar me ya sa na dafa wani abu tun farko. Ta bayyana masa al'adarmu ta kwano. Sai na ga idonsa ya yi haske. Ya ce wannan abu ne mai kyau, ya ce irin wannan ne zai haɗa mutane, ya ce lokaci ya yi da zai zo ya gaida maigidana ya gayyace su. Na ce kada ya zo. Na faɗa da Turanci, na sake faɗa, na haɗa hannuwana. Ya yi dariya ya ce nan Amurka ce, ba mai yi wa kowa komai. Tsohuwar ta ajiye abin da ke hannunta ta ce masa, da Turancinta mai kaushi:

"Kai a nan aka haife ka. Yarinyar nan ta ce kada ka je. Ka ji abin da ta ce."

Ya ce ya ji. Na ɗauki namana na fita a ruɗe, na manta farantin Sitti a kan tebur.

Ranar Lahadi Ammi ya yi baƙi, abokansa ɗaliban ƙasarmu, cin abincin rana. An shimfiɗa leda a falo, an zuba shinkafa da naman rago, suna ci suna yaba hannuna. Cikinsu har da wani mai tasbaha wanda kowa yake tauna magana a gabansa. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Sitti ta ce in duba.

Shi ne. Da 'yar hularsa a tsakar ka, ƙanƙara a kafaɗarsa, yana riƙe da farantin Sitti da hannu biyu. Bai dawo da shi wayam ba. Ya cika shi da burodinsu na Juma'a, mai kitso, ya rufe da farin ƙyalle. Ya koyi darasin sarai. Yana ganina ya kira sunana, ya faɗe shi daidai, da ma shi kaɗai ne a garin nan yake faɗinsa daidai. Ya leƙa ta kaina ya ga mutane, ya yi musu sallama irin tamu da ya koya a wani wuri. Ya ce ya zo ne ya gode, ya ce kada a damu da zancen tukunya, ya ce nama yana nan ranar Alhamis kamar kullum, kuma gidansu a buɗe yake ga duk mai so.

Duk wanda ke falon yana jin Turanci. Na juya na ga hannuwa sun tsaya a cikin shinkafa. Rabin mutanen nan naman gidansu ni nake kai shi a jakar jariri, kuma sun sani. Ba wanda ya ɗago. Mai tasbaha ya ajiye ƙashin da ke hannunsa a hankali, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ammi ya taso. Bai ko dubi saurayin ba, ya tura ƙofar ta rufe a fuskarsa, na ji farantin ya faɗi a waje. Sannan ya juyo kaina. Ban taɓa jin ya kira ni Takruniyya ba, sunan rainin da ake kiran baƙaƙe irinmu, sai ranar. Ya ce shi ya aike ni wurin mahaucin Musulmi, ya rantse bai san inda nake zuwa ba, ya ce ashe abin da nake ciyar da iyalinsa ke nan, ashe har girki nake kai musu. Yana faɗa yana satar kallon mai tasbaha. Na dubi Sitti. Ta ɗauki jaririnta ta shige ɗaki.

Ban ƙaryata shi ba. Maganar Baba ce a kunnena.

Ba a ƙara barina na fita ba har aka samo mini jirgi. Ban yi sallama da tsohuwar ba. Ban san abin da ta ce wa saurayin ba, ban san ko ya gane abin da ya yi ba, ko kuwa har yau yana ba da labarin wasu mutane marasa karɓar alheri. Nakan ce a raina na yafe masa, sai in tuna dariyar nan da ya yi lokacin da na haɗa hannuwana, sai in ji ban yafe ba.

Labari ya riga ni isa Jidda, kuma ya isa da ƙari. Na tarar an ce a gidansu nake kwana, an ce na ci abincinsu na bar salla. Iƙamarmu kuma saura kaɗan ta ƙare, ta Baba da ta Inna da tawa da ta ƙannena. Baba ya je shagon kafilinmu, dattijon bai amsa gaisuwarsa ba. Ya sake zuwa, aka ce ya zo da ni.

Muka same shi a bayan shagonsa na Bab Makka, a kan darduma tsakanin bandiran yadi, da wasu dattawa biyu abokan kasuwancinsa da ya kira don su ji. Ya ce sunan ɗansa ya shiga bakin mutane, har ana batun a yanke masa tallafin karatu. Ya ce shi ba ya son cutar kowa, ya san Baba tun ba a haife ni ba. Tambaya ɗaya zai yi mini a gaban mutanen nan, in amsa tsakanina da Allah.

"Ɗana ya san inda kike sayo naman nan?"

Na dubi Baba. Yana tsugune kusa da ƙofa, hularsa a hannu, idonsa a ƙasa. Shekarunsa duk a garin nan ya yi su, bai san hanyar ko'ina ba sai ta Ruwais zuwa Bab Makka. Idan aka ce mu fita, ƙasar da za a kai mu ko sunan garin kakanmu ba mu iya faɗa daidai ba. Na tuna tsohuwar da tukunya a cikin kayan sawa.

Na ce, "Bai sani ba, ranka ya daɗe. Ni kaɗai ce."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya dubi abokansa ya ga sun ji. Ina jin ya san gaskiya, don bai sake dubana ba. Ya ce wa Baba ya kawo takardun gobe. Ya ce yarinta ce, Allah ya shirya, amma kada in sake taka gidansa. Baba ya yi ta godiya har muka fito titi. Da muka zo wajen masu balila, dafaffen waken da ake sayarwa a bakin titi, ya tsaya ya saya mini, kamar lokacin da nake ƙarama, na riƙe a hannu har gida ban iya ci ba.

An sa hannu. Muna nan har baɗi, sai kuma a sake zuwa.

Dattawan nan biyu sun yi aikin da aka kira su yi, yanzu duk unguwa ta san na amsa da bakina. Ƙawayena na sakandare sun daina biyowa. Makon jiya Inna ta yi saliƙ, ba ta san abin da sunansa yake yi mini ba, ta ce in taya ta juyawa. Na juya. Ta zuba a kwano ta aika wa maƙwabciyarmu, wadda suke musayar kwano tun kafin in yi wayo. Da la'asar aka ƙwanƙwasa, na zabura, Inna ta je ta buɗe. 'Yar maƙwabciyar ce, ta miƙo kwanon ta ce mamanta tana tambaya wa ya dafa. An wanke shi tas, har yana ƙamshin sabulu, ba komai a ciki. Inna ta karɓa ta juya shi a hannunta, ta dubi ɗigon fentinta a gindinsa, ta kife shi a kan sauran.